Hokin ƙanƙara na guragu: Abin da muka gani a Guangzhou ya tuna mana da Kano

A watan Disambar 2025, lardin Guangdong tare da Hong Kong da Macao suka karɓi baƙuncin gasar wasannin nakasassu ta ƙasar Sin baki ɗaya. Mu matasan Hausawa mazauna birnin Guangzhou, waɗanda akasarinmu a shagunan iyayenmu na Xiaobei da Sanyuanli muka tashi, wannan gasa ta sake tayar mana da wata tsohuwar muhawara da muka daɗe muna yi a tsakaninmu, wato me ya sa gurgu a nan ake rataya masa lambar zinare, amma a gida wurin da muka ware masa shi ne bakin danja da ƙofar masallaci?

Muhawarar ta samo asali ne tun ranar 12 ga Maris, 2022. Muna zaune a wani gidan abinci a Xiaobei, sai aka kamo tashar da ke nuna wasannin nakasassu na lokacin hunturu da ake yi a Beijing. Wasu mutane muka gani zaune a kan wasu ƴan kujeru, suna zamiya a kan ƙanƙara da gudun tsiya, suna bangazar juna kamar raguna. A ranar ce Sin ta lallasa Koriya ta Kudu da ci 4 da nema, ta ɗauki lambar tagulla a wasan hokin ƙanƙara na guragu. Wani dattijo cikin iyayenmu da ke wurin ya yi dariya, ya ce shi bai ga wani sabon abu ba, ai wannan wasan guragun Kano ne, ƙanƙara kawai aka ƙara masa. A lokacin dariya muka yi. Daga baya ne muka gane Alhaji gaskiya ya faɗa.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, ga yadda wasan yake. Ɗan wasa yakan zauna a kan wata kujera da aka ɗora a kan firam ɗin ƙarfe, a ɗaure shi tamau, a ƙarƙashinta kuma akwai wuƙaƙe biyu masu zamiya a kan ƙanƙara. A kowane hannu yana riƙe da gajeriyar sanda wadda ba ta wuce mita ɗaya ba. Bakin sandar ɗaya yana da haƙoran ƙarfe da yake cakawa a ƙanƙara ya tura kansa gaba, ɗaya bakin kuma da shi yake bugun wani ɗan faifan roba baƙi, wanda shi ne a matsayin ƙwallo. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, kuma zagaye uku ake yi, kowanne minti 15. Duk aikin da ƙafa za ta yi, kafaɗa da damtse ne suke yin sa.

A birnin Stockholm na ƙasar Suwidin aka ƙirƙiro wasan a farkon shekarun 1960, a wata cibiyar kula da nakasassu, inda wasu da suka ƙi yarda nakasa ta raba su da hoki suka haɗa wa kansu abin zamiya. Sai a 1994, a Lillehammer ta ƙasar Norway, aka shigar da shi cikin gasar Paralympics, kuma Suwidin ɗin ce ta fara cin zinare. Amurka ta ci zinare sau huɗu a jere, a 2010 da 2014 da 2018 da 2022, inda a wasan ƙarshe na Beijing ta doke Kanada da ci 5 da nema.

Wani abin ban mamaki shi ne yadda Sin ta yunƙuro. A gasar hunturu ta 2018 a PyeongChang lamba ɗaya tak ta samu. Bayan shekara huɗu, a Beijing, sai ga ta da lambobi 61, ciki har da zinare 18, ta zo ta ɗaya. Nakasassun ai ba daga sama suka faɗo ba, dama suna nan a garuruwa da ƙauyuka. Abin da ya canza shi ne an nemo su, an ba su kayan aiki da masu horarwa da wurin atisaye.

Guangzhou ba garin ƙanƙara ba ne, zafinta da gumi sun fi kama da na Legas, don haka ba a nan ake manyan gasannin hoki ba. Amma birnin yana da nasa tarihin. A nan aka yi gasar nakasassu ta nahiyar Asiya ta farko, daga 12 zuwa 19 ga Disambar 2010, inda ƙasashe da yankuna 41 suka fafata a wasanni 19. Yawancinmu muna yara a lokacin, sai dai mun tashi mun tarar da abin da aka shimfiɗa a birnin: lif a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, gangara a bakin gine-gine domin keken guragu, da kuma layin tayil mai tudu-tudu a gefen titi wanda makaho ke bi da sandarsa. Ba mu ce komai ya yi daidai ba, domin sau da yawa za ka ga an jera babura a kan layin makafin. Amma dai an shimfiɗa shi, kuma tun 1 ga Satumbar 2023 akwai dokar ƙasa da ta shafi sauƙaƙa wa nakasassu da tsofaffi zirga-zirga.

To, mu dawo kan maganar Alhaji. A 1988 ne Misbahu Lawan Didi, ɗan Arewa wanda shi ma cutar shan-inna ta nakasa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake kira para-soccer a Nijeriya. Ɗan wasa yakan zauna a kan katako mai ƙananan tayoyi, ya tura kansa da hannu, ya kuma buga ƙwallo da hannu, sau da yawa da silifa a tafinsa saboda kaushin siminti. Katakon da jama'a suka saba gani a wurin bara, shi aka mayar kayan wasa. An sha shirya gasarsa a lokacin bikin ranar yaƙi da shan-inna ta duniya, wato 24 ga Oktoba. Idan ka ajiye shi kusa da hokin Suwidin, tunanin ɗaya ne: mutum ya zauna ƙasa, ya mayar da hannu ƙafa, ya ƙi yarda a ce an gama da shi. Bambancin shi ne na Turawa ya samu masu ɗaukar nauyi har ya kai Paralympics, namu kuwa yana ta fama da tsofaffin tayoyi.

Kuma ba wai ba mu da gwanaye ba ne. A Rio a 2016, nakasassun Nijeriya sun dawo da zinare 8, akasari a ɗaga nauyi, a shekarar da masu ƙafa biyu suka dawo daga Olympics da tagulla ɗaya tak ta ƙwallon ƙafa. Doka ma akwai ta, domin a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, kowa sai ya duba unguwarsu ya ga abin da aka yi. Haka kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna. Abin farin ciki ne, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa, musamman a shekarun da aka yi ta taƙaddama kan rigakafi a 2003 da 2004, su ne sa'o'inmu a yau. Da wuya ka samu ɗaya daga cikinmu da ba shi da irinsu a dangi ko a unguwa.

Masu iya magana na cewa, idan bera da sata, daddawa ma da wari. Kafin mu ɗora wa gwamnati laifi, mu dubi kanmu. Kwantena nawa muke lodawa daga Guangzhou zuwa Kantin Kwari da Sabon Gari da Maraɗi? Atamfa, shadda, takalma, wayoyi, kayan gyaran babur, babu abin da ba mu aikawa. Tayoyin da katakon gurgu ke buƙata, da safar hannu, da abin kare gwiwa, da ƙwallaye, da keken guragu mai naɗewa, duk a wannan lardin ana samun su a farashin sari, kuma mu ne muka fi kowa sanin inda ake ciniki. Gurbin katan biyu ko uku a cikin kwantena ba zai karya ɗan kasuwa ba.

Saboda haka mu matasa mun yanke shawarar kai wannan magana gaban iyayenmu bayan sallar Juma'a a masallacin Xianxian, inda muke haɗuwa. Roƙonmu guda uku ne. Na farko, duk mai loda kaya ya ware ɗan gurbi domin kayan wasan guragu. Na biyu, a miƙa kayan hannu da hannu ga ƙungiyoyin ƴan wasan da kansu, a kuma rubuta abin da aka bayar, don kada ya ɓace a hanya ko ya ɓulla a kasuwa. Na uku, kafin a sayi komai a tambaye su abin da suke so, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tayar da ta dace da santsin tayil ba lallai ta jure simintin filin makaranta ba.

Muna kuma kira ga ƴan uwanmu Hausawa na zangon Kumasi da Accra, da Sabo ta Ibadan, da Agege, da na Sudan da Jidda, su ma su duba. Duk inda ake da fili mai siminti da matasa goma, ana iya kafa ƙungiya. Sadakar da muke jefawa ta tagar mota tana ƙarewa kafin magariba, amma taya huɗu masu kyau za su kai mutum fili ya yi wasa a gaban jama'a, a kira sunansa, a tafa masa. Ba ƙanƙara guragunmu suka rasa ba, kayan aiki da ƴan kallo suka rasa, kuma duka biyun suna hannunmu.

Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya kuma ƙara wa masu lalura lafiya da ɗaukaka, amin.