Tasirin Rassan Sinadari a kan Launi da Ƙyalli: Misali daga Baba

Ɗalibin da ya tashi a Kebbe ko Tambuwal ba baƙo ba ne ga tufafin da aka rina da baba. Har yau marinan Ƙofar Mata a Kano suna jiƙa baba da toka a cikin karofi, su tsoma zane ya fito tsanwa-tsanwa, iska na bugunsa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi. Sirrin wannan launi yana cikin ƙirar ƙwayar sinadarin da ke cikin ganyen.

Ita wannan ƙwaya tana da gangar jiki ta zobban kabon, a gefenta kuma akwai ƙwayoyin zarra na haidurojin. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu aka maye gurbinta da wata zarra, ko wani rukuni na zarra, to abin da aka dasa ɗin shi ne reshe. Wani reshen yana tura ilektaron cikin gangar jikin, wani kuwa janye su yake yi. Wannan turawa ko janyewa ita ke sauya irin hasken da ƙwayar take haɗiya, wanda ya rage kuma shi ido ke gani a matsayin launi.

Misali mafi armashi shi ne rinin shunayya na birnin Taya da ke Labanan ta yau, wanda sarakunan Rum suka keɓe wa kansu saboda tsada. A shekarar 1909 masanin kimiyya Paul Friedländer ya tatso giram 1.4 kacal daga dodon koɗi 12,000, ya gano cewa ashe sinadarin baba ne, illa dai an dasa masa zarra biyu na buromin. Wato tsakanin rigar sarkin Rum da rawanin Buzu, zarra biyu ne kawai bambanci.

Haka abin yake ga ƙyalli, wato ƙwaya ta haɗiye haske ta sake fitar da shi da wani launi. Sinadarin fuloresin, wanda Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871, yana ƙyalli da kore mai ƙarfi. In aka dasa masa buromin huɗu ƙyallin yakan ragu, da aidin huɗu kuwa ya kusa mutuwa, domin zarra mai nauyi takan karkatar da makamashin zuwa wata hanya daban.

Akwai kuma ƙwayoyin da ake dasa wa reshe mai turawa a wannan kai, mai janyewa a wancan, kamar amino da naitiro a kan zoben banzin. Idan hasken leza mai tsanani ya ratsa su, sukan iya haɗa tsarabar haske biyu su fitar da ɗaya mai ninkin ƙarfi. An fara ganin wannan ninki a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1961, a jikin dutsen ƙarau, kafin masana su karkata ga ƙwayoyin kabon, waɗanda ake iya sauya wa reshe yadda ake so.