Robat na Nomandi: Yariman da ƙaninsa ya tsare fiye da shekara 27

A watan Fabrairun 1134 wani dattijo da ya haura shekara 80 ya mutu a gidan sarauta na Kadif da ke yankin Wales. Fursuna ne, kuma wanda ya tsare shi ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Sarki Henri na Ɗaya na Ingila.

Sunansa Robat, ɗan farin Wiliyam, mai sarautar Diyuk na Nomandi a arewacin Faransa. Diyuk basarake ne mai ƙasa da mayaƙansa, amma a ƙarƙashin sarki yake. Wiliyam ɗin nan shi ne ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ya zama sarkinta.

Uban da ɗan ba su taɓa jituwa ba. Robat gajere ne, har aka laƙaba masa "Curthose", wato mai gajeren takalmi, kuma an ce uban da kansa yakan yi masa ba'a da shi.

Wani malamin coci mai rubuta tarihi, Orderic Vitalis, ya ruwaito cewa wajen 1077 ƙannensa biyu, Wiliyam ƙarami da Henri, sun watso masa ruwan ƙazanta daga bene a gaban abokansa. Wasan yara ne, amma uban bai hukunta su ba. Robat ya fusata, ya yi yunƙurin ƙwace birnin Rouen, bai yi nasara ba, ya tsere.

A 1079 aka gwabza a Gerberoy, inda ya kayar da mahaifinsa daga kan doki har ya ji masa rauni. Duk wannan lokacin mahaifiyarsa Matilda tana aika masa kuɗi a ɓoye. Ita ta taimaka aka sasanta su, kuma bayan mutuwarta a 1083 sulhun ya watse.

Da Wiliyam ya mutu a 1087 sai aka raba gado: Robat ya samu Nomandi, Wiliyam ƙarami ya samu Ingila, Henri kuma aka ba shi azurfa. Robat jarumi ne a fagen fama, amma kuɗi ba sa zama a hannunsa. Har wani yanki na ƙasarsa ya sayar wa Henri.

A 1096 ya jinginar da Nomandi baki ɗaya ga sarkin Ingila a kan mark 10,000, kuɗin wancan zamani, don ya bi rundunar Kiristocin Turai zuwa Gabas ta Tsakiya. Yana cikin waɗanda suka kama Birnin Ƙudus a 1099, inda aka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan kiyashi.

Yana kan hanyar komawa gida, bayan ya tsaya ya yi aure a kudancin Italiya, kibiya ta kashe Wiliyam ƙarami a wurin farauta a Agustan 1100. Henri bai jira kowa ba, cikin kwana uku aka naɗa shi sarki.

Robat ya ƙetara teku da mayaƙa a 1101, amma a ƙarshe ya yarda ya bar sarautar a riƙa biyansa mark 3,000 duk shekara. A ganina nan ya yi babban kuskure, domin ya ba Henri lokacin shiri. Ranar 28 ga Satumban 1106 Henri ya ci shi da yaƙi a Tinchebray, ya kama shi.

Ɗansa guda na aure, Wiliyam Clito, bai cika shekara huɗu ba a lokacin. Ya girma yana yaƙin ƙwato gadon ubansa, har rauni ya kashe shi a 1128, uban na tsare.

Henri bai daɗe a bayan yayansa ba, ya mutu a 1135. Magajinsa ya riga ya nutse a teku tun 1120, don haka Ingila ta faɗa yaƙin basasa tsakanin 'yarsa Matilda da ɗan 'yar'uwarsa Stephen.