Liditse, ƙauyen da aka so a shafe sunansa

Yau za mu tafi Turai. Za mu ga wani ƙaramin ƙauye mai suna Liditse. A taswira ana rubuta shi Lidice. Mutanensa ba su kai dubu ba, amma sunansa ya zagaya duniya. Ga yadda abin ya faru.

Ina ƙauyen yake?

Liditse yana cikin ƙasar Cek, a tsakiyar Turai. Ƙasar Cek ba ta da bakin teku, kamar Nijar. Amma ita ƙarama ce: Nijar ta ninka ta sau 16. Da can sunanta Cekoslobakiya. A 1993 aka raba ta biyu cikin lumana, Cek da Slobakiya. Babban birninta shi ne Prag.

Daga Prag zuwa Liditse wajen kilomita 20 ne, in ka nufi arewa maso yamma. Wurin yana da ƴan tuddai da gonaki, da ƙorama mai ratsa kwari. Ana noman alkama da sha'ir da dankalin turawa. In hunturu ya zo, sanyi ya kan yi tsanani har ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Kusa da ƙauyen akwai garin Kladno. Da can ana haƙar gawayin ƙasa a nan, irin wanda ake haƙa a Anu Araren, jihar Agadas. Ana kuma narkar da ƙarfe. Mazan Liditse da yawa can suke zuwa aiki.

Tsohon ƙauye ne. Tun shekara ta 1318 aka rubuta sunansa cikin takarda. Kafin yaƙi yana da coci da lakkwal da maƙabarta, da mutane wajen 500.

Ranar baƙin ciki

A 1939 sojojin Jamus suka mamaye ƙasar Cek. Yaƙin duniya na biyu ke nan ya ƙarato, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Daga baya Hitila ya aiko wani mugun jami'i mai suna Heydrich ya mulki ƙasar. Ranar 27 ga watan Mayu 1942, sojoji biyu ƴan ƙasa, waɗanda aka turo daga Ingila, suka tare motarsa a Prag, suka jefa mata bam. Bayan kwana 8 ya mutu.

Hitila ya fusata, ya ce sai an rama. Aka ɗora wa Liditse laifi, don samari biyu na ƙauyen suna aikin soja a Ingila. Amma mutanen ƙauyen ba su da hannu cikin kisan.

Daren 9 ga watan Yuni aka kewaye ƙauyen. Da safiyar 10 ga wata aka harbe maza 173 a garkar wani manomi. Duk namijin da ya wuce shekara 15 da aka samu a ƙauyen bai tsira ba. Har limamin cocinsu, tsoho mai shekara 73, yana ciki. Aka kai mata wani sansanin azaba a Jamus mai suna Ravensbrück. Aka raba uwaye da ƴaƴansu. Yara 82 aka kai su Polan, aka kashe su da iska mai guba. Wasu yara kaɗan aka ba iyalan Jamusawa, aka sake musu suna. Jimillar waɗanda suka rasu 340 ne: maza 192, mata 60, yara 88.

Ba su tsaya nan ba. Suka ƙone gidaje, suka rushe coci da lakkwal. Suka tone kaburbura, suka sare itatuwa, suka karkatar da ƙorama. Suna so kada wani ya ƙara gane inda ƙauyen yake.

Sunan da ya ƙi ɓacewa

Jamusawa da kansu suka ba da labarin a rediyo, don su tsorata mutane. Sai abin ya juye musu. Duniya ta ji, ta yi fushi. A Meksiko da Barazil da Panama, aka sa wa garuruwa da unguwanni sunan Liditse. Iyaye suka raɗa wa ɗiyansu mata sunan. A Ingila, wani likita mai suna Barnett Stross ya tara mahaƙan gawayi, suka yi ta karo-karo daga albashinsu don a sake gina ƙauyen. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Yaƙi ya ƙare a 1945. Mata 143 suka komo gida. Aka yi shekara biyu ana neman yara, aka samo 17. Wasunsu sun manta harshen uwayensu, sai Jamusanci suke ji.

Sabon Liditse

A 1947 aka sa harsashin sabon ƙauye, mita 300 daga kufai. A ƙarshen 1949 matan suka soma shiga sababbin gidaje. Kufan kuwa ba a yi gini a kansa ba. An bar shi fili mai ciyawa, don tunawa. A 1955 aka dasa lambun furanni tsakanin kufai da sabon gari, da dashen da ƙasashe da yawa suka aiko.

Wata mata mai suna Marie Uchytilová ta yi shekara 20 tana ƙera siffofin yaran nan 82, mata 42 da maza 40. Ta rasu a 1989. Mijinta ya ci gaba da aikin, aka zuba su da tagulla, aka gama a shekara ta 2000. Suna nan tsaye, suna duban kwarin da gidajensu suke da.

Yau mutane fiye da 500 ke zaune a Liditse. Kowace shekara, cikin watan Yuni, baƙi na zuwa ta'aziyya daga nesa. An san sunan kowane mutum da ya rasu, don an rubuta su duka. Ku fa, wa ya kafa ƙauyenku? Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta.