Tobi Amusan: Ƙasar da ta haifa, ƙasar da ta raina

Duk wanda ya bi gasar guje-guje ta duniya da aka yi a birnin Eugene na Amurka a watan Yulin 2022 zai tuna yammacin da wata 'yar Nijeriya, Oluwatobiloba Amusan, ta kammala tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, a zagayen kusa da na ƙarshe. Babu macen da ta taɓa yin wannan gudu kafin ita. Bajintar da ta rusa ita ce ta Ba'amurkiya Kendra Harrison, daƙiƙa 12.20, wadda aka kafa a 2016. Bayan kamar sa'o'i biyu ta dawo ta lashe zagayen ƙarshe da 12.06, sai dai ba a rubuta shi a kundin tarihi ba saboda iskar da ke bayanta ta wuce ƙa'ida. Ita ce mutum na farko daga Nijeriya da ya ci zinare a wannan gasa ta duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan tsere a matsayin gudu kawai da ɗan tsalle a tsakani. Ba haka ba ne. Shingaye 10 ne, kowanne tsayinsa ya kusa santimita 84, tsakanin ɗaya da ɗaya mita 8.5, kuma taku uku kacal 'yar tsere ke yi kafin ta sake tashi. Idan ta yi sama da yawa ta ɓata lokaci a iska, idan ta yi ƙasa gwiwa ko diddige ya daki katako, lissafin takun ya rikice, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Shi ya sa nake ganin wannan fanni ya fi buƙatar ƙwararren mai horarwa fiye da gudun zalla.

Nan ne damuwata take. An haifi Amusan a Ijebu-Ode ta Jihar Ogun a 1997, iyayenta malaman makaranta ne, kuma tun tana shekara 18 ta ci zinare a wasannin Afirka na Brazzaville a 2015. Baiwar dai ta gida ce. Amma gogewar a waje aka yi ta: a 2016 ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso, inda ta shiga hannun Lacena Golding-Clarke, tsohuwar 'yar tseren shinge daga Jamaika. Daga can ne ta ci zinaren wasannin Commonwealth a 2018, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik ta Tokyo a 2021. Matsayi na huɗu, ga wanda ya san wasa, ya fi na takwas ciwo, domin kana ganin dandamalin karɓar lambar yabo amma ba za ka taka shi ba.

A wannan Olamfik ta Tokyo ce aka hana 'yan wasan Nijeriya 10 shiga fili, ba don an kama su da ƙwaya ba, sai don ba a yi masu adadin gwajin da doka ta tanada ba. A Paris kuma, a 2024, Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba. Da irin wannan riƙon sakainar kashi, wa zai zargi wanda ya canza sheƙa? Glory Alozie, wadda ta ciyo mana azurfa a wannan tsere na shinge a Sydney a 2000, daga baya Sifaniya ta koma yi wa gudu. Bajintarta ta Afirka, 12.44, ita Amusan ta karya a Zurich a 2021. Ita Amusan ba ta sauya tuta ba, kuma a ganina wannan ya cancanci a faɗa fiye da lambar OON da gwamnati ta ba ta a 2022.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A Yulin 2023 hukumar da ke sa ido kan amfani da ƙwayoyi ta tuhume ta da saɓa ƙa'idar bayyana inda take har sau uku cikin wata 12. Kwamitin ladabtarwa ya wanke ta kwanaki kaɗan kafin gasar Budapest, inda ta zo ta shida, kuma kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hukuncin a 2024. Wasu sun ce tauraruwarta ta dushe, musamman da ta kasa kai wa zagayen ƙarshe a Paris. Sai ga ta a Tokyo a Satumbar 2025, tana da shekara 28, ta karɓi azurfa a gasar duniya da daƙiƙa 12.29, bayan Ditaji Kambundji ta Suwizalan. Har aka rufe kakar wasanni ta 2025, babu wadda ta kai 12.12 ɗin nan tata.