Ɗaukar Bidiyon Biki: Shutin Ɗin Da Ba A Cewa "A Sake"

Duk wanda ya taɓa leƙa lokeshin ya san idan jaruma ta yi kuskure, darakta tsawa kawai zai daka ya ce a sake. To amma akwai wani shutin da ba shi da darakta, kuma ba a maimaita shi, wato ɗaukar bidiyon biki. In liman ya shafa fatiha alhali batirin kyamara ya mutu, shi ke nan, an yi ba kai!

A garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da kuma gab da azumi. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000, mai ɗaukar biki da ƙatuwar kyamara a kafaɗa yake zuwa, ga kaset, ga fitila mai zafin tsiya, ga janareta saboda halin NEPA. Daga baya faifan CD ya kori kaset. Yau kuwa a waya ko filashi ake karɓar aiki, a manyan bukukuwan birnin Kano ma har ɗan jirgi marar matuƙi ake tayarwa ya ɗauko taro ta sama.

Sai dai ko da kayan aiki sun sauya, makarantar ba ta sauya ba. Tun kafin Turmin Danya ya fito a 1990, idon Bahaushe ya saba da finafinan Indiya a sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba da El Dorado. Kuma bikin da ake yawan gani a finafinan nan, na mutanen Punjab ne, yankin da aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Wa zai manta da Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Aditya Chopra ya ba da umarni? Kusan rabin fim ɗin a gidan biki aka yi shi, inda Shah Rukh Khan ya kutsa cikin dangin Kajol ana shirin aurar da ita ga wani.

Mai ɗaukar bikin Punjabawa kwanaki yake yi bai huta ba. Akwai ranar mehndi, wato sa lalle. Akwai sangeet, daren waƙa da rawa. Akwai baraat, ayarin ango da makaɗa. Mabiya addinin Sikh a wurin ibadarsu ake ɗaura aure, ango da amarya su zagaya littafinsu mai tsarki sau 4, kuma dole mai kyamara ya cire takalmi, ya rufe kansa. Musulmin Punjab kuwa nikah suke yi, su rufe da walima. Daga ƙarshe sai sallamar amarya, inda gida ke rikicewa da kuka.

Ashe ba nisa ke nan! Kamu, sa lalle, wunin biki, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai: duk Bahaushe yana da nasa. Amma sau da yawa sai ka ga mai kyamara ya ƙare ƙarfinsa wajen jera ango da amarya kamar fostar fim, "ki ɗan karkato, ka ɗan kalle ta," alhali a cikin gida uwa na yi wa 'yarta nasihar ƙarshe, gwaggo ta riƙe hannunta, ƙannenta na sharar hawaye. Bayan shekara 20, wannan ne abin da za a nema a faifan. Kakar da ta sa albarka ran nan, wataƙila muryarta ba ta rage ko'ina ba sai nan.

Sai babbar magana: amana. Mai ɗaukar biki shi ne baƙon namijin da ake bari ya shiga inda mata suka saki jiki. A zamanin kaset, sai wanda aka ara wa zai gani. Yanzu minti ɗaya na rawar matar aure in ya faɗa TikTok, yana iya girgiza aurenta, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Don haka gwani ba ya tallata aikinsa da fuskar kowa sai da izinin masu biki, kuma in aka ce kashe, kashewa yake.

Matashin Ƙaraye ko Rogo da ke mafarkin zama darakta, kada ya raina wannan aiki. Nan zai koyi haske da sauti da haƙuri. Ya dai riƙe batir biyu, ya kuma riƙe sirrin gidan mutane.