Gansakukar tapkunan Damagaram na tona asirin ruwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a bakin tapkin Gidimuni ko cikin Korama ya san santsin nan mai ruwan ƙasa da ke manne da shi. Ba datti ba ne. Wasu ƙananan tsirrai ne dangin gansakuka, da masana ke kira diyatom, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowane ɗaya na zaune cikin ɓawo na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi.

Amfaninsu ga masu binciken ruwa shi ne kowane iri da ruwan da yake so. Wani ba ya rayuwa sai a ruwan daɗi, wani kuma sai mai kanwa. A damina, idan kwari ya kawo laka, ruwa kan yi duhu, hasken rana ya kasa shiga, sai su ragu. Da bazara kuwa rana na shanye tapki, gishiri da kanwa su taru a ɗan ruwan da ya saura, masu jure kanwa su mamaye wurin. Inda takin zamani daga garaken rani, kashin dabbobi da ruwan wanki ke gangarawa, irin da ake kira Nitzschia palea kan yi yawa, masu son tsabta su ɓace.

Gwajin kwalba ɗaya yana faɗin halin ruwa ne a ranar da aka ɗebo shi. Diyatom kuwa suna ɗauke da labarin makonni, shi ya sa ƙasashen Turai ke amfani da su wajen sa ido kan kogunansu. Kuma ba aiki ne mai tsada ba: a kankare dutse da buroshi, a kai ɗakin bincike. Ga jihar da ke da tapkin Lassuri da na Gidimuni, waɗanda suka shiga jerin Ramsar a 2005 da 2019, wannan hanya ce da ta kamata jami'ar Zinder da ma'aikatar muhalli su riƙe da hannu biyu.

Sai dai a yi hattara. Diyatom ba sa nuna ƙwayar cutar amai da gudawa. A birnin da aka san shi da ƙarancin ruwa, inda wasu unguwanni ke komawa tapki idan famfo ya ɗauke, dole ne a tafasa ruwan ko a sa masa magani.

Ɓawonsu ba ya saurin ruɓewa. A kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ɓawon ya taru ya zama farar ƙasa. Iskar hunturu na kwasar ta zuwa yamma, kuma tana cikin hazon da ke lulluɓe Birni da Zongo a watan Janairu.