Wuƙar da ba a san maƙerinta ba

Wuƙaƙe goma sha bakwai nake da su a cikin wani akwatin ƙarfe, kuma sai na kulle ɗaki nake buɗe shi, domin a Kanon yau wanda ya ce yana tara wuƙa sai an yi masa kallo biyu. Ta farko daga cikinsu gado ce. Mahaifina ya bar mini ita, 'yar ƙarama mai ƙotar ƙaho da kube na jar fata, wadda yake fiƙe alƙalami da ita, ya yanka goro, ranar Layya kuma a fiɗe rago. Na san ƙirar ƙasar Bebeji ce, amma sunan wanda ya ƙera ta ya tafi tare da mai ita. Wannan rashin ne ya sa na shiga nema.

Daga Kwanar Dangora a Kiru, na bi hanyar Jos zuwa Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore har Doguwa da Riruwai, garin kuza. Duk inda na ji ƙarar masaɓa sai in tsaya. Maƙeran nan suna nan da zugazugansu da gawayin ƙirya, sai dai lauje da fartanya da garma su ne abincinsu, musamman inda noman rani ya bunƙasa bayan gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako. Wuƙa ta koma aikin gefe. Ƙarfen ma ba na tama ba ne. Tun zamanin Turawa aka bar narka tama aka koma ga tsofaffin ƙarafa, yanzu sifirin ɗin mota shi ne abin so.

Wani dattijon maƙeri a ƙasar Doguwa ya karɓi wuƙar mahaifina, ya juya ta, ya shafa bayanta da babban yatsa. Ya ce, “Malam, wannan ba ta yanka kaɗai ba ce, dubi yadda aka sassauta bakinta wajen tsini, mai alƙalami aka yi wa.” Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa ganin an karanta takarda da sauri haka ba. Ya nuna mini bambancin wuƙar mahauci da ta baduku da askar wanzami, kowace da kaurinta da irin wanda take wa aiki. Da na tambaye shi tsofaffin ƙirar mahaifinsa, sai ya yi dariya: yara sun sayar wa 'yan gwangwan, an auna a sikeli.

A Turai lamarin ya sha bamban, kuma ba don wuƙarsu ta fi tamu kaifi ba. Opinel ta Faransa tun 1890 take ɗauke da sunan iyalin da suka fara ta. Okapi mai naɗewa, wadda direbobi da mafarauta suka daɗe da sani a nan, an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu. Mai tara irin waɗannan yana duba tambari ya gane zamani da masana'anta. Tamu kuwa ba tambari, a bakin mutane tarihinta yake, ga shi masu bakin suna ta ƙarewa. Abin kunya ne ga garin da tarihinsa ya faro da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala. Littafin Philip Jaggar na 1994 ma a kan maƙeran birni ya tsaya.

Na san abin da za a ce. Daba da ƙwacen waya sun sa wuƙa ta zama abin tsoro, kuma iyayen da suka rasa 'ya'yansu suna da gaskiya. Ni kaina na shafe kusan awa guda a wani shingen bincike ina bayanin abin da ya haɗa malami da wuƙaƙe uku a buhu. Ban ga laifin mai tambayar ba. Amma wuƙar fiƙe alƙalami ba ita ta lalata yaro ba, kuma idan tsoro ya hana mu ajiye ta, narka ta za a yi.

Roƙona ga Gidan Makama da sassan tarihi na jami'o'inmu shi ne su aika ɗalibai ƙauyukan nan da littafi da na'urar ɗaukar murya, kowace wuƙa a rubuta maƙerinta da garinsa da irin ƙarfenta da aikinta. Cikin goma sha bakwai ɗina, huɗu kawai na samu sunan wanda ya ƙera. Dattijon Doguwa ya ce in dawo bayan girbi, akwai wani yayansa da ƙila zai gane hannun da ya yi ta mahaifina.